Ƙarin ɗaki a jikin katangar maƙwabci: a ɗora mata ko kuwa, kuma harsashi ya kai ina?

Wani bawan Allah daga Marwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Ina so in ƙara ɗaki biyu a bayan gidana, babban ɗana zai yi aure bayan damina. Wurin ya haɗa da katangar da ke tsakanina da maƙwabcina. Ta bulo ce, tsayinta ya ɗan haura mita 2, iyayenmu ne suka haɗa kuɗi suka yi ta sama da shekara 20 da suka wuce. Magini ya ce mu ɗora a kanta ta zama bangon baya, sauran bangon kuma idan aka tona santimita 60 ya isa. Ƙasar wurin baƙa ce, tana tsagewa da rani. Nan gaba kuma ina da niyyar zuba dal, wato rufin kankare, in hau sama. Maganarsa daidai ce?"

Alhaji, Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu lokacin lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, shawara biyun da maginin ya ba ka duk ban yarda da su ba. Kada ka ɗora ɗakinka a kan katangar nan. Santimita 60 ɗin kuma, ba a yanke zurfin harsashi ana tsaye a kan ƙasa, sai an tona an ga abin da ke ciki. Ba na zargin maginin da mugun nufi, yana so ne ya rage maka bulo da siminti, kuma mai yiwuwa ya yi haka a wasu unguwanni ginin ya zauna lafiya. Sai dai ƙasar da ka kwatanta ba irin wadda ake yi wa haka ba ce.

Baƙar ƙasar nan mai tsagewa ita ce Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya ɗauke. Manomi yana sonta don tana riƙe ruwa wata da watanni, kuma wannan halin nata ne yake ba magini wahala. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura, idan ta bushe sai ta tsuke ta dare, har ka iya zura hannu cikin tsagar. Marwa na samun ruwan sama kusan milimita 800 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, sannan a shiga dogon rani na wata bakwai ko takwas. Ka ga kenan kowace shekara saman ƙasar nan yana tashi yana sauka, duk abin da aka aza a kansa kuma dole ya bi shi. Da a ce tashi da saukar daidai suke a ko'ina, da ba komai. Amma ƙarƙashin tsakiyar ɗaki yana cikin inuwa, danshinsa ba ya canzawa sosai, gefe da kusurwa kuwa rana na dukansu, ruwa na jiƙa su. Shi ya sa za ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga tana hawa kamar matakala, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya da rani ta ƙi shiga da damina. Mutane kan ce siminti ne bai ji ba. Sau da yawa simintin lafiyarsa ƙalau, harsashin ne ya tsaya a cikin ƙasar da ke motsi.

Abin da ake nema da zurfi shi ne a wuce wannan sashe mai motsi, a sauka inda danshin rani da na damina suka yi kusa da juna. A Faransa ma, inda raninsu bai kama ƙafar namu ba wajen zafi da tsawo, ƙa'idar ginin gida a kan laka mai kumbura ita ce santimita 80 aƙalla, inda lakar ta yi tsanani kuma mita 1.20. Ni a aikina, a kan karal ba na yarda da ƙasa da mita 1.20 ko da ɗaki ne mai rufin kwano, kuma galibi sai mun kai mita 1.50, ko mu ci gaba har baƙar ta ƙare mu taras da ƙasa mai tsakuwa ko yashi mai tauri. A wurin da ƙasa take ja mai tsakuwa, ko wasu sassan Garwa da dutse yake kusa, santimita 60 zuwa 80 na iya wadatar da ginin ƙasa. A can maganar magininka daidai ce. Akwai kuma wurin da zurfi kaɗai ba ya magani: tsohon kududdufin da aka cike da shara, ko bakin mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, inda yashin sako-sako ne. Ka tambayi dattawan unguwa abin da ke bayan gidanku kafin a yi gini, sun fi kowace takarda sani.

Tunda kana da niyyar hawa sama, wannan ya wuce kintace. A kawo masu gwajin ƙasa, ko na LABOGENIE, wato ɗakin gwajin gine-gine na gwamnati, ko masu zaman kansu da aka yarda da su, su auna abin da ƙasar za ta iya ɗauka, injiniya ya fitar da faɗin harsashi da ƙarfen da za a sa. Harsashin bene ba a ƙara shi daga baya, tun ran gini tun ran zane.

Ita kuwa katangar, iyayenku sun yi ta ne don ta raba gida biyu ta kare mutunci, ba don ta ɗauki kaya ba. Irin waɗannan katangu harsashinsu ba ya cika wuce santimita 40 ko 50, sau da yawa babu ƙarfe a ciki, ginshiƙan ma in akwai su nesa-nesa ne. Shekara 20 tana ɗauke da nauyin kanta kawai, ta riga ta zauna yadda za ta zauna. Yi lissafi da kanka: kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi yana kai tan biyu da rabi. Dal mai kaurin santimita 12 kenan kilo 300 ne a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da 4 dal ɗinsa kaɗai ya doshi tan 5, kafin a yi maganar bangon sama da mutane da kayansu, kuma kaso mai yawa na wannan nauyi katangar ce za ta ɗauka. Ko da kwano kawai ka rufa, akwai wata matsalar: bango uku sababbi a kan harsashi mai zurfi, na huɗu tsoho a kan harsashi marar zurfi. Damina ta farko tsohon zai tashi, sababbin su tsaya, mahaɗarsu ta tsage daga sama har ƙasa. Tsagar kuma ba a gefenka kaɗai za ta fito ba, har cikin gidan maƙwabci.

Wannan ya kawo mu ga haƙƙi. Tunda iyayenku ne suka haɗa kuɗi, katangar ta tarayya ce, kowa yana da rabo a cikin dukkanta, ba wai rabin kaurinta naka ne ka yi yadda ka so ba. Dokar farar hula da Kamaru ta gada daga Faransa, wadda Cadi ma take aiki da irinta, ta yi bayani a kan wannan tun daga sashe na 653. Asali duk katangar da ta raba tsakar gida biyu ana ɗaukarta ta tarayya ce sai in akwai takarda ko alama da ta nuna akasin haka. Dokar ta ba ka damar yin gini a jikinta, har ka ƙara mata tsayi da kuɗinka, amma sashe na 662 ya hana ka huda ta ko jingina mata wani aiki ba da yardar maƙwabci ba, in ya ƙi kuma sai masana sun duba sun faɗi yadda za a yi ba tare da an cuce shi ba. Sashe na 659 ya ce in katangar ba za ta iya ɗaukar ƙarin ba, mai son ƙarin shi zai sake gina ta gaba ɗaya da kuɗinsa, ƙarin kaurin kuma a cikin filinsa za a ɗauka. Ba a buɗe taga a jikinta sai da izini. Taga mai kallon gidan maƙwabci kai tsaye kuma sai ta ja baya mita 1.90 daga iyaka, abin da zai shafe ka ranar da ka hau sama, don tagar bene tsakar gidan mutane take leƙawa.

A addini ma, hadisin Abu Huraira sananne ne, cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin abin so, ba abin da alƙali zai tilasta ba, kuma yana tafiya ne tare da ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Azarar da ake kafawa a bangon ƙasa daban, tan biyar na kankare daban. Sannan ka tuna gargaɗin da ya zo a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Na kawo wannan ne saboda harsashi ya fi bango faɗi, kuma na sha ganin an bar shi ya kutsa santimita 20 ko 30 ƙarƙashin filin maƙwabci, ana cewa ai a binne yake ba wanda zai gani. Filin mutum har ƙarƙashinsa nasa ne.

To me za a yi? Kafin komai, a tona ramin gwaji biyu. Ɗaya a tsakiyar wurin da za a yi ɗakunan, a sauka mita 1.50 ko fiye, a ga inda baƙar ƙasa ta ƙare. Ka ɗebi ta ƙasan ramin ka jiƙa ka murza a tafin hannu: in ta yi igiya doguwa ba ta karye ba, tana danƙo, wuƙa ta yanka ta wurin yana sheƙi, har yanzu kana cikin laka. Rami na biyu ƙarami ne a jikin katangar ta gefenka, faɗinsa kada ya wuce santimita 60, a bi a hankali har a ga ƙarshen harsashinta, a auna zurfinsa da yadda ya fito, a mayar da ƙasa a daddanne a ranar. Da waɗannan awo biyu ake yanke komai.

Dalili kuwa shi ne, harsashi ba ƙasar da ke ƙarƙashinsa kaɗai yake takawa ba, nauyinsa yana bazuwa gefe da gefe yayin da yake sauka. In ka tona kusa da shi ka wuce shi zurfi, ka janye masa abin da ya dogara a kai. Ƙa'idar da muke bi ita ce uku a kwance, biyu a tsaye: duk santimita 2 da ka fi shi zurfi, ka nisance shi da santimita 3. A ce na katangar ya tsaya a santimita 50, naka kuma zai kai mita 1.40. Bambanci santimita 90 ne, don haka ramin naka sai ya ja baya santimita 135 daga bakin nata. A nan ne mutane ke cewa filin ba zai isa ba, su rufe ido su tona doguwar kwata a gindin katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan.

An taɓa kirana wani gida bayan an yi haka. Katangar ta ƙasa ce, an tona a gindinta a farkon Yuni, aka bar ramin kwana biyu ana jiran siminti. Daren na biyu aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ramin ya cika, da asuba katangar ta kwanta a ciki tsawon mita shida. Allah ya kiyaye ba wanda ke kwance a gindinta, alhali a lokacin zafi nan yaran maƙwabcin suke shimfiɗa. Madafar matan gidan ta koma a fili, sai da aka kewaye da zana. Kuɗin gyara bai dame ni ba kamar yadda na ga mutum biyu da suka tashi tare, suke salla a sahu ɗaya, sun koma sai dai a shiga tsakaninsu.

In filinka yana da yalwa, ja da baya ka bar lungu tsakanin ɗaki da katanga, shi ya fi sauƙi da kwanciyar hankali, sai dai a daɓe lungun da siminti a ba shi gangare, kada ya zama matattarar ruwa. In babu yalwa, hanyar da na fi amfani da ita ita ce a bar batun doguwar kwata a wannan gefen. A tona ramukan ginshiƙi ɗai-ɗai, kamar kowace mita 3, kuma ba a buɗe na biyu sai an zuba kankaren na farko an cike gefensa. A kan ginshiƙan sai a ɗora gadar kankare mai ƙarfe, wadda magina a nan ke kira longirin, ita za ta ɗauki sabon bangonka. Da yake tafin harsashin, wato faffaɗan kankaren da ginshiƙi ke tsayawa a kai, ba zai tsallaka iyaka ba, ginshiƙin zai zauna ne a bakinsa maimakon tsakiyarsa, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan mutum ya zauna a ƙarshen benci shi kaɗai. Maganinsa a ɗaure wannan tafin da wata gada mai ƙarfi zuwa ginshiƙin da ke cikin gida, don ta hana shi karkata. Wannan gadar ita ce maginan da ba su saba ba suke mantawa, kuma girmanta da ƙarfenta aikin injiniya ne, ba a ƙiyasta su da ido. A kan karal ina son a shimfiɗa yashi mai kauri ƙarƙashin longirin da daɓen ɗaki, bayan an kwashe baƙar ƙasar sama, don kumburin ya sami inda zai huce.

Ana kuma iya ƙara wa katangar kanta zurfi, a riƙa tona ƙarƙashinta mita ɗaya-ɗaya a tsallake, ana cikewa da kankare. Aiki ne mai tsada da haɗari, ban ga dalilin yi wa katangar tsakar gida shi ba. In dai har sai an taɓa ta, gara ku zauna da maƙwabcin ku yarda a rushe wannan sashen, ka sake gina shi da harsashin da ya dace. Shi ya sami sabuwar katanga, kai ka sami bangon da ka san abin da ke ƙarƙashinsa.

Duk hanyar da ka bi, kada sabon gini ya manne da tsoho. A bar tazarar santimita 2 zuwa 3, a sa farin soson nan irin na cikin kwalin firji a tsakani tun daga harsashi har sama, a rufe bakin tazarar da kwano don kada ruwa ya zuba ciki. Haka ma inda sababbin ɗakunan za su haɗu da tsohon gidanka. Kada ka yarda a fasa tsohon bango a saƙa bulo a cikinsa da sunan ɗaurewa. Sabon gini sai ya ɗan zauna, a bar shi ya zauna shi kaɗai.

Ruwa shi ne sauran rabin aikin. Indararo ko bakin kwano kada ya zuba a kan katanga ko gidan maƙwabci, sashe na 681 ya ce ruwan rufinka a filinka ko a kan hanya zai sauka. Ka juya gangaren rufin zuwa tsakar gidanka, ka yi daɓe mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi kewaye da ɗakunan, yana gangarawa waje. Wurin alwala, famfo da wurin wanke-wanke su yi nesa da gindin bango. Ramin masai na amarya, wanda na san za a buƙata, kada a haƙa shi a lungun katanga don neman sutura. Ni a kan karal ina nisanta shi mita 5 in fili ya yarda, kuma ba na sauka ƙasa da mita 3. Ka kuma tambaya ko maƙwabcin yana da nasa ramin a jikin katangar ta can gefen, don wannan kaɗai na iya sauya inda za a sa ginshiƙi.

Sai itatuwa. Marwa gari ne na dalbejiya, inuwarta ni'ima ce, amma saiwarta tana zuƙe danshin laka har ƙarƙashin gini. In akwai babba kusa da wurin, nisan da bai kai tsayinta ba, a ƙara zurfi a wannan gefen. Kada kuma ka sare ta yau ka tona gobe, domin ƙasar da ta shekara tana shanyewa za ta riƙa mayar da ruwanta tana kumbura shekaru bayan an sare.

Game da lokaci, ka bari ruwa ya ɗauke sosai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Kada taurin karal da rani ya ruɗe ku, diga tana tsalle a kanta a watan Maris amma a Agusta ita ce taɓo. Ramin da aka gama a zuba masa siririn kankare na santimita 5 a ranar, kada a bar shi rana ta gasa shi. In ya wuce mita 1.30 a tokare gefensa da katako kafin mutum ya shiga. Kankaren da ke da ƙarfe buhun siminti 7 ne a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, wato buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Ƙarfen ya sami rufin kankare santimita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, yashin mayo kuma a duba kada ya zo da laka. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, don iskar hunturu tana busar da kankare kafin ya yi ƙarfi.

Kafin a sa diga, ka je wurin maƙwabcinka da kanka, kada ka aiki magini. Ka nuna masa abin da kake shirin yi, ku zaga katangar tare ta gefe biyu, ku ɗauki hotunan duk tsagar da ke jikinta yanzu, don kada gobe a ce aikinka ne ya jawo ta. Abin da kuka yarda a rubuta shi, jauro ko lawan na unguwa da shaidu biyu su sa hannu. In gidan nasa na gado ne da ba a raba ba, yardarsa shi kaɗai ba ta isa ba, a sanar da sauran magada. In kuna da takardar mallakar fili, a nemo duwatsun iyaka a tabbatar katangar a kan layi take, in sun ɓace ma'aunin fili na kadastir, wato ofishin awon filaye na gwamnati, ya sake kafa su. Dokar tsara birane ta 2004 kuma ta wajabta izinin gini daga ofishin magajin gari, kuma zanen da za ka kai can shi ne dai wanda injiniyan zai yi maka.

In lissafi ya nuna kuɗin ba za su kai ɗaki biyu da irin wannan harsashi ba kafin ranar auren, ka zuba harsashin duka biyun yanzu a lokaci ɗaya, ka tayar da ɗaya ka rufa da kwano, ɗayan ya jira. Ƙarafan ginshiƙan da za su hau sama a bar su da tsawon da za a ɗaura a kansu, a lulluɓe su da siminti marar ƙarfi don kada su yi tsatsa kafin ka dawo kansu.